Ba a kemis maganin mutuwar 'ya'yan agwagwa yake ba

Duk wanda ya san gidajen karkarar Batsari da Safana ya san yadda lissafin agwagwa ke tafiya. Uwa za ta zuba ƙwai 10 zuwa 15, ta yi kwanci na kwana 35 cur, ta fito da ayarin 'ya'ya, maƙwabta su yi wa mai ita barka. Kafin a yi mako uku ayarin ya zube. Wasu shirwa ta sure, wasu an taka su a tsakar gida, sauran kuwa wayar gari ake yi a tsince su a bakin rariya ko a cikin akurki, babu rauni babu jini. Sai a ce iska ce, ko sanyi, ko kuma dai kwanansu ne ya ƙare. A aiki yaro kemis ya sayo kafso ja da yalo, a farke a zuba a ruwan sha, a jira kwanci na gaba. Ina ganin wannan hanya ɓata ce. Mutuwar da ba ta shirwa ba ce, ba kuma ta taku ba, sau da yawa ƙwayoyin bakteriya ne suka shiga jinin ɗan agwagwa, kuma ƙofofin da suke shiga sanannu ne: ƙwan da aka kwanta a kai, cibiyar da ba ta gama rufewa ba, da ruwan da ya fara sha. A waɗannan wurare uku ake cin yaƙin ko a faɗi, tun kafin a kai ga kemis. Saboda haka kuɗi da hankalin hukuma can ya kamata su nufa.

Na san za a ce yankin da ke kwana da ido ɗaya saboda dajin Rugu yana da abin da ya fi 'ya'yan agwagwa damunsa. Haka ne, amma dalilin da ya sa zancen ya zama babba ke nan. Shekaru fiye da goma ana kore shanun Ruma da Wagini da Runka da Zakka, har da shanun huɗa da awakin mata. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Batsari da Safana, sannan aka katse layukan waya a watan Satumba. Magidancin da dukiyarsa ke tafiya da ƙafa huɗu ya ga yadda take zama abin da ke jawo masa farmaki, ko ta zama abin da ba ya sayuwa. Abin da ya rage shi ne na cikin katanga: kaji, zabi, tantabaru da agwagi. Su ake iya cusawa a kwando idan gudu ya kama, su ake iya ci gaba da kiwo a gidan aro cikin garin Batsari ko Dutsin-Ma, kuma galibi na mata ne, kuɗinsu na tafiya ga cefane da maganin yara. A jihar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana kuka a kan tamowa, ƙwai da nama na tsakar gida ba abin rainawa ba ne. Toron agwagwa ɗaya ya fi zakaran gida nama nesa ba kusa ba. Macen da ta raya goma daga kwanci ɗaya maimakon uku ta sami jari ba tare da an ba ta rancen kowa ba.

Ɓarnar tana farawa ne tun a ƙwai. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ɗan tayi ke shaƙar iska ta cikinsu. Ƙwai yana fitowa da ɗumin jikin uwa, kimanin digiri 41, kuma yayin da yake hucewa abin da ke ciki yana ɗan tsukewa, sai ya zuƙo abin da ke manne a bayansa. Idan busasshen wuri aka ajiye shi, iska kawai zai zuƙa. Idan kuwa kan jiƙaƙƙiyar ƙasa mai kashi ya faɗo, ko uwa ta dawo daga kwata da taɓo a ƙafa da ciki ta hau kansa, bakteriyar hanji irin su E. coli sun sami hanya. Agwagwarmu ta gida, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta fi kaza daɗewa a kwanci da mako biyu, don haka ƙwanta ya fi daɗewa cikin wannan haɗari, kuma a damina ta fi yin ƙwai, lokacin da ƙarƙashin rumbu da lungun bayan ɗaki suke a jiƙe. Wani ƙwan yakan zama baragurbi, ya fashe ya shafa wa sauran. Wani kuma ya ƙyanƙyashe, amma da cuta a ciki. Dab da fasa ɓawo, ɗan agwagwa yakan janye ragowar gwaiduwa cikin cikinsa, cibiya ta rufe a kanta. Wannan gwaiduwa ita ce guzurinsa na kwanakin farko, a cikinta kuma garkuwar da ya gada daga uwa take. Idan bakteriya suka riga shi isa gare ta, ko suka bi ta cibiyar da ke da danshi, guzurin ya ruɓe a cikinsa, daga nan cutar ta bi jini. Alamun ba ɓoyayyu ba ne ga mai dubawa: ciki ya kumbura ya yi laushi, cibiya ta yi ja ko ta jiƙe, ɗan ya taƙure ya ƙi ci, gawarsa ta yi saurin wari. Irin wannan mutuwa a makon farko ta fi yawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan tsagar ita ce cibiya.

Wanda ya tsallake makon farko bai gama ba. Akwai Salmonella, wadda uwa kan iya zuba ta cikin ƙwai tun kafin ɓawo ya samu, ɓeraye kuma su yaɗa ta da kashinsu a cikin dusa. Tana sa zawo da ƙishirwa, har a ga ɗan agwagwa ya sha ruwa ya kife nan take. Akwai kuma wadda ta fi shahara a duniyar masu kiwon agwagi, Riemerella anatipestifer. Wani masani mai suna Riemer ya fara bayyana ta a jikin dinya a 1904, sannan a 1932 Hendrickson da Hilbert suka gano ta a gonakin agwagi na Long Island da ke jihar New York ta Amurka. Takan kama 'ya'ya daga mako 1 zuwa 8, ta shiga ta hanyar numfashi ko ta ƙaramin rauni a fata, musamman tafin ƙafa. Ido da hanci su yi ta ruwa, kashi ya koma kore, kai da wuya su riƙa karkarwa, a ƙarshe ɗan ya kwanta rigingine yana harba ƙafafu. Idan aka buɗe gawar sai a ga wata farar yana ta lulluɓe zuciya da hanta. Littattafan likitancin dabbobi sun nuna asarar tana kamawa daga kashi 5 har zuwa kashi 75 cikin 100. Wannan tazara mai faɗi ita ce abin lura. Ƙwayar cuta ɗaya ce, amma a wani garken ta ɗauki kaɗan, a wani ta kusa share shi, kuma abin da ke raba su shi ne cunkoso, danshi, iska da lafiyar tsuntsayen tun farko. Manyan agwagi kan ɗauke ta a maƙogwaro ba tare da sun nuna komai ba, shi ya sa toron da aka sayo a kasuwa aka sake shi cikin garke ranar da aka zo da shi zai iya zama silar mutuwar 'ya'yan da bai ko kula su ba.

A nan ne za a kawo hujjar da ta fi kowace karɓuwa a bakin mutane: ai agwagwa tsuntsuwar ƙazanta ce, a kwata take rayuwa, annobar hunturu ta share kaji ta bar ta tsaye. Gaskiya ne babbar agwagwa tana da juriya, kuma cutar Newcastle da ke ƙarar da kajin ƙauye ba ta cika kayar da ita ba. Kuskuren shi ne a ɗauki juriyar uwa a jingina wa ɗan kwana uku. Uwar da ake gani tana kiwo a kwata ita ce wadda ta tsira daga cikin goma sha wani abu da aka ƙyanƙyashe tare, waɗanda suka mutu ba a ganin su balle a sa su a lissafi. Ɗan agwagwa sabon ƙyanƙyasa garkuwar jikinsa ba ta nuna ba, ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, gashinsa kuma ba ya korar ruwa yadda na uwarsa ke yi. A makon farko yana bukatar ɗumi na wajen digiri 30. Idan ya bi uwa cikin raɓa da asuba, ko ruwan Agusta ya dake shi, ko ya kwana a jiƙe a daren hunturu, jikinsa ya tafi ga neman ɗumi, ƙwayar da zai iya turewa da rana sai ta kayar da shi da dare. Masu cewa sanyi ne ya kashe ba su yi ƙarya ba, rabin labarin suka faɗa. Sannan ruwan da kakanninmu suka saki agwagi a kai ba shi ne na yau ba. Kududdufi mai faɗi a bayan gari daban, rariyar gidan da mutum talatin suka cunkushe a ciki saboda gudun hijira, inda ruwan wanka da na wanke-wanke da fitsarin dabbobi ke taruwa, ita ma daban.

Abinci ma yana da nasa laifin, kuma ba a cika ambatonsa ba. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, bincike ya kai ga tunkuzar gyada da aka shigo da ita daga Barazil, daga nan duniya ta san gubar aflatoksin da fumfuna ke haifarwa a gyada da masara. A cikin tsuntsayen gida babu wanda wannan guba ta fi yi wa illa kamar ɗan agwagwa, har ta kai masana sun riƙa amfani da shi wajen gwada ko abinci na ɗauke da ita. Tana lalata hanta, tana kuma raunana garkuwar jiki. To a gidajenmu me ake yi da ruɓaɓɓiyar gyadar da mai ƙuli-ƙuli ta tsince, ko masarar da ta yi baƙi a gindin buhu? Watsa wa tsuntsaye ake yi, don kada a yi asara. Haka dusar da aka jiƙa da safe ta wuni a kasko cikin zafi har ta yi tsami. Tattali ne a ido, amma kwanci guda yake ci.

Sai maganar kafso, wadda ita ce ta fi bukatar a tsaya a kanta, domin mai shi yana da hujja. Zai ce ya taɓa zubawa ya ga sauƙi, kuɗinsa kaɗan ne, kuma likitan dabbobi ba ya zuwa ƙauyensu. Ba na musun cewa maganin kashe bakteriya yana ceton garke idan an dace da irinsa, da adadinsa, da lokacinsa. Matsalar ita ce dacewar. Ɗan da gwaiduwa ta ruɓe a cikinsa da wuya magani ya tashe shi, kuma wanda ya fi jin jiki shi ne wanda ya daina shan ruwa, don haka maganin da aka zuba a kasko masu lafiya ne ke shanye shi. Adadin kuwa na ido ne, yau a farke biyu, gobe a manta, rabi ya zube a ƙasa domin agwagwa da wasa take shan ruwa. Ba kowane magani ke kama kowace ƙwaya ba: Riemerella ba ta jin kolistin, wanda ke cikin garin magungunan kaji da yawa, kuma an sha samun E. coli na kaji da tetirasaikilin ba ya yi musu komai. Akwai kuma cututtukan da ba na bakteriya ba masu kama da waɗannan, irin ciwon hanta na bairas da ke kashe 'ya'yan agwagwa cikin sa'o'i, kai a lanƙwashe baya, wanda ko buhun kafso aka juye ba zai taɓa shi ba. Sauƙin da mutum ya gani, sau tari raunanan ne suka gama mutuwa, masu ƙarfi suka rage, kafso ya karɓi yabo.

Da a ce asarar ta tsaya ga kuɗin kafso da sai a bar kowa da ra'ayinsa. Ba ta tsaya nan ba. Duk lokacin da aka ba ƙwayar cuta magani rabi da rabi, masu taurin kai ne ke rayuwa su hayayyafa, kuma tsakar gidan da agwagi ke kashi a nan yaro ke rarrafe. E. coli da Salmonella ba su bambanta hanjin tsuntsu da na ɗan Adam. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani a duniya, idan aka auna da yawan jama'a, shi ne namu na Afirka ta Yamma. Kafson da ake farke wa agwagwa daga cikin kwalin da za a nemo wa yaro magani yake fitowa ranar da zawo ya kama shi.

Abin da ke aiki ba shi da ban sha'awa, shi ya sa ba a tallarsa. Wurin kwanci ya zama a ɗage daga ƙasa, a inuwa, da busasshen ƙaiƙayi ko yashi da ake sauyawa. Ƙwan da ya tsage ko ya yi dumu-dumu da kashi a cire shi a dafa, kada a sa a kwanci. Wanda ya ɗan ɓaci a kankare shi a bushe, domin wanke shi da ruwan sanyi ƙara tura dattin ciki yake yi. Idan an ƙyanƙyashe, a tsare uwa da 'ya'ya mako biyu zuwa uku a wuri busasshe mai iska, nesa da kaji da sauran agwagi. Ruwa a ba su a kasko marar zurfi da duwatsu a ciki, yadda za su tsoma baki da hanci su wanke ido amma ba za su shiga su yi wanka da kashi ba, a zubar a sake sau biyu ko uku a wuni. Gawa a binne, kada a jefa bayan katanga. Sabon tsuntsu daga kasuwa ya yi mako biyu shi kaɗai. Za a ce wannan ƙarin aiki ne ga macen da tuni ruwan girki ma sai ta saya a wurin 'yan garuwa, kuma tsarewa na nufin ciyarwa. Wannan ƙorafi na gaskiya ne, ban kuma ga amfanin rufe shi ba. Sai dai ruwan da 'ya'ya goma sha biyu ke bukata a makon farko bai kai na wanke tukwane ba, cinsu a wannan lokaci kaɗan ne, kuma tsarewar da ke raba su da kwata ita ce ke raba su da shirwa da muzuru da tafin ƙafar mutane. Wahala ɗaya ce take toshe ƙofofi da yawa, ko da mutum bai yarda da zancen bakteriya ba.

Mai shakka zai iya tambaya: wa ya ce bakteriya ne ke kashe 'ya'yan agwagwa na Babban Duhu ko na Wagini, ba wani abu ba? Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta ita ce aikin da ya rataya a wuyan hukuma. Alamun waɗannan cututtuka suna kama da juna matuƙa, har ƙwararren likita ba ya raba E. coli da Riemerella da ido, domin farar yanar da ke kan zuciya da hanta iri ɗaya ce. Sai an ɗauki samfur daga jinin zuciya ko ƙwaƙwalwar wanda bai daɗe da mutuwa ba, an shuka shi a ɗakin gwaji. Riemerella ma tana da tsirfa, ba a kowane irin abin shuka take tsirowa ba, don haka wanda bai neme ta da gangan ba zai iya wuce ta. Wuraren yin wannan aiki muna da su. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana Vom tun 1924, akwai tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da tsangayar aikin gona a maƙwabtan Safana. Abin da babu shi ne igiyar da ta haɗa akurkin ƙauye da waɗannan ɗakuna: mutum mai kula da ƙanƙara da lambar waya, wanda mace za ta iya aika wa gawa ta isa kafin ta ruɓe. Wannan igiya tana da wani amfani da ya fi na agwagwa. An fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka ne a wata gona da ke Jaji ta jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, kuma agwagi na iya ɗauke da ita ba tare da sun kwanta ba. Ƙauyen da ya saba kai rahoton mutuwar 'ya'yan agwagwa shi ne zai yi saurin magana ranar da manya da kaji suka fara zubewa tare, maimakon a kwashe ragowar a kai kasuwa.

Rigakafin allura ma ta nan zai bi. Akwai shi, masu kiwon Long Island sun haɗa kai da Jami'ar Cornell aka buɗe ɗakin binciken agwagi a 1949, daga baya aka samar da rigakafin Riemerella. Amma ƙwayar tana da nau'i aƙalla 21, kuma rigakafin wani nau'in ba ya kare wani, don haka sayo shi daga waje ba tare da sanin wanda ke yawo a nan ba zubar da kuɗi ne. Tun watan Yulin 2024 aka ƙirƙiro ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya, gwamnatin Dikko Radda kuma ta ɗauki sabbin malaman gona ɗaruruwa ta raba su mazaɓu. Tsoron da nake yi shi ne a maimaita abin da aka saba, a tara mata a filin taro, a raba musu tsuntsayen da aka kwaso daga kasuwanni daban-daban aka cakuɗa a mota ɗaya, a ɗauki hoto, cuta ta bi kowa gida. Da za a rage kuɗin rabo ɗaya a horar da mata biyu a kowace mazaɓa ta Batsari da Safana, tunda su ne ke shiga gidajen da malamin gona namiji ba ya wuce zaure, a kuma ba ofishin dabbobi na kowace ƙaramar hukuma abin sanyaya samfur da kuɗin mota zuwa Zariya ko Vom na damina ɗaya, da kafin kaka an san sunan ƙwayoyin da ke kashe 'ya'yan agwagwa a yankin, da magungunan da har yanzu suke ji, da waɗanda ya kamata masu kemis su daina miƙa wa yaran da aka aiko.